Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sa 'Yar Tsana Magana Ba Tare da Leɓe Ya Motsa Ba

A fitowar da ta gabata mun yi bayanin yadda ake ɗinka 'yar tsanar hannu mai buɗe baki, sai ga wasiƙu suna ta shigowa, kuma mafi yawansu a kan abu guda suka tsaya: an ɗinka ta, an sa mata idanu, to yaya za a yi ta yi magana alhali mai riƙe da ita bai motsa leɓɓansa ba? Na zaɓi waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani kowa, na kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa, Malam. Na kalli wani mutum a talabijin yana hira da 'yar tsana, tana mayar masa da magana, bakinsa kuwa a tsaye cak. Abokina ya ce daga ciki yake fitar da muryar sannan ya jefa ta cikin bakin 'yar tsanar, wani kuma ya ce siddabaru ne. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, abokinka ba shi ne na farko da ya yi wannan zato ba, domin sunan da Turawa suka ba wannan fasaha ma, wato ventriloquism, daga wannan kuskuren ya samo asali. An gina shi ne daga kalmomin Latin guda biyu, venter wato ciki, da loqui wato yin magana, kuma Girkawan dā su ma masu magana daga ciki suke kiran masu yin ta, har suna ɗaukar cewa wani ruhi ne ya zauna a cikin mutum yake ba da labarin gaibu. An daɗe a kan wannan fahimta kafin wani malami Bafaranshe mai suna La Chapelle ya wallafa littafi a kan batun a 1772, inda ya nuna cewa gwaninta ce ta ɗan'adam wadda ake koya kamar kowace gwaninta.

Muryar tana fitowa ne daga inda kowace murya take fitowa. Iska ta taso daga huhu, ta kaɗa tantanin maƙwallato, harshe da ganɗa da haƙora su gyara ta, ta fita ta ɗan ƙaramin sararin da aka bari tsakanin leɓɓa. Ciki yana da aiki guda ɗaya tak a nan, shi ne tura iska a hankali kamar yadda mawaƙi yake yi. Jefa murya kuwa ba ta yiwuwa, domin sauti daga inda aka yi shi yake tasowa, babu mai iya ɗaukarsa ya ajiye a wani wuri.

Abin da yake faruwa a kan mai kallo yake faruwa. Kunnen ɗan'adam ba shi da ƙwarewar ido wajen gane takamaiman inda abu yake, musamman idan wurare biyun suna kusa da juna, kamar bakin mutum da bakin 'yar tsanar da ke kan gwiwarsa. Saboda haka idan kunne ya ji magana, ido kuma ya ga baki ɗaya yana motsi daidai da ita ɗayan yana tsaye, ƙwaƙwalwa takan yanke hukunci cewa mai motsin ne yake magana. Kai kanka kana faɗawa cikin wannan kullum idan kana kallon talabijin, domin kana jin kamar maganar daga bakin mai karanta labarai take fitowa, alhali lasifikar tana ƙasa ko gefen akwatin. Har ma ido yakan canza abin da kunne ya ji. A 1976 wasu masu bincike biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, sun nuna cewa idan aka sa wa mutum sautin “ba” yana kallon bakin da ke furta “ga”, yawanci “da” zai ce ya ji. Ka riƙe wannan misali, zai yi maka amfani a amsa ta gaba.

Tambaya: Malam, wata uku ke nan ina gwadawa a gaban madubi. Wasula ba sa ba ni wahala, amma da zarar na zo kan “b” ko “m” sai leɓɓana su haɗu da kansu ko ban so ba. Littafin da na samu na koyarwa misalansa duk na Turanci ne, ni kuma da Hausa nake son yi wa ɗalibaina wasa. Ina mafita? Daga wata malamar firamare.

Amsa: Malama, kin iso wurin da mafi yawan masu koyo suke ajiye kayansu su koma, kuma tunda kin kai wata uku ba ki ajiye ba, zan yi miki bayani dalla-dalla.

Mu fara da zaman bakin kansa. Ki bar leɓɓa a ɗan buɗe kamar mai ƙaramin murmushi, sararin da bai wuce kaurin farce biyu ko uku ba, haƙoran sama da na ƙasa suna dab da juna ba tare da an cije ba, muƙamuƙi a sake. A wannan zama za ki ga cewa yawancin baƙaƙen Hausa suna fita lafiya lau, domin aikin harshe ne tun asali. Ki gwada “Sarki ya ce a tashi”, ko “Yaro ya je ya ga zaki a daji”. Babu baƙin leɓe ko ɗaya a cikinsu, kuma da irinsu ya kamata ki yi makon farko har sai sun fita tangaram. Wasulan “o” da “u” ne kawai za su so su zumɓura miki baki, maganinsu kuwa shi ne ki ja bayan harshe baya ki ɗaga shi, sararin cikin baki ya yi aikin da leɓɓa suka saba yi.

Masu wahalar a Hausa su ne “b” da “ɓ” da “m” da “f” da “w”, sai kuma masu goyon “w” irin su “kw” da “gw” da “ƙw”. Dabarar guda ce ga dukkansu: ƙofar da leɓɓa suke rufewa, harshe ne zai rufe ta daga ciki. Wajen “b”, ki shimfiɗa kan harshenki a bayan haƙoran sama, gaba kaɗan da inda kike ajiye shi idan za ki ce “d”, ki faɗaɗa shi ya toshe hanyar iska gaba ɗaya, ki tara iskar, sannan ki sake ta farat ɗaya kina nufin “b” a zuciyarki. Da farko “d” za ki ji zalla, kuma hakan zai ɓata miki rai. Bayan makonni sautin zai yi kauri ya yi laushi, ya tsaya tsakanin biyun, kunnen mai sauraro kuma ya ƙarasa sauran. “Ɓ” ita ma haka take, sai dai daga “ɗ” za ki taso mata, tunda duka biyun da irin motsin maƙogwaro guda ake yin su.

“M” tana da hanya biyu. Ta farko ita ce irin waccan shimfiɗar harshe a bayan haƙora, a saki murya ta hanci kamar mai cewa “n” mai nauyi. Ta biyu kuma, wadda ni na fi so a tsakiyar kalma da ƙarshenta, ita ce sautin nan da ke ƙarshen kalmar “can” ko “nan” idan aka tsaya a kanta, wanda ake yi da bayan harshe a jikin hanɗa. A nan Hausa ta yi mana rangwame, domin ko a maganar yau da kullum mutane da yawa da wannan sautin suke rufe “malam” da “mutum” da “kullum”, babu kuma mai jin wani baƙon abu. Haka ma “f”: kunnen mai jin Hausa ya riga ya saba da “huɗu” da “fuɗu”, da “hushi” da “fushi”, da “huska” da “fuska”, saboda haka idan 'yar tsanarki ta karkata zuwa “h” a gaban “u” ko “o”, za a ɗauka karin harshenta ne kawai. A gaban “a” da “i”, kamar a “fara” da “fita”, ki hura iska ta tsakanin kan harshe da haƙoran sama. “W” kuwa gajeriyar “u” ce da aka wuce da sauri, sai ki ce “uata” a madadin “wata”, “guani” a madadin “gwani”.

Amma inda Hausa ta ba mu sauƙi a “f”, ta tsananta mana a “b” da “m”, kuma wannan ne littafinki na Turanci ba zai gaya miki ba. Korewa a Hausa a kan “ba” ta ginu, sau da yawa ma sau biyu a jimla ɗaya, ba kuwa za a yi hira da yara babu korewa ba. Idan “Ba zan je ba” ta fita kamar “Da zan je da”, ma'ana ta gurɓace. Haka nan “maka” da “naka”, “mata” da “nata”, “masu” da “nasu”: “Na kawo maka” daban take da “Na kawo naka”. Abin da zai cece ki a nan shi ne tsawon wasali da karin sauti, waɗanda ba ruwansu da leɓe. Wasalin farko na “maka” gajere ne, na “naka” dogo ne, don haka idan kika kiyaye gajartarsa sosai, ko da baƙin farko ya ɗan kauce, za a fahimce ki daidai. Game da korewa kuma, ki sa 'yar tsanar ta girgiza kai daidai lokacin da take cewa “ba”. Na gwada wannan sau ba adadi, ban taɓa ganin yaron da ya rikice ba, domin ido ya riga kunne karɓar saƙon.

Sai kuma dabarar zaɓen kalma, wadda ba ragwanci ba ce, gwanaye ma suna yin ta. Idan kina tsara hirar, ki ɗora wa kanki kalmomi masu nauyi, ki bar wa 'yar tsana masu sauƙi. Ke ce za ki ce “Baba ya ba mu babbar fitila”, ita kuma ta ce “Kai, ta yi kyau!” Inda za ta ce “babu” ta ce “a'a”, inda za ta ce “amma” ta ce “sai dai”, inda za ta ce “barka” ta ce “sannu”. Sunan da za ki raɗa mata ma ki zaɓi wanda ba shi da baƙin leɓe, tunda za ta riƙa faɗinsa a kowane wasa. Wannan ba zai ɗauke miki koyon “b” ba, amma zai rage yawan lokutan da za ki hau siraɗi a gaban jama'a.

Game da madubi, ki ci gaba da shi na ɗan lokaci, sannan ki koma ɗaukar bidiyo da waya. Madubi yana da wata illa: mutum yakan ƙifta ido ko ya kawar da kallo daidai lokacin da leɓensa zai motsa, ba tare da ya sani ba. Kyamara ba ta ƙifta ido. Minti goma da safe, minti goma da yamma, kullum, sun fi awa biyu a rana ɗaya cikin mako.

Tambaya: Idan na yi rabin awa ina gwaji sai muƙamuƙina ya riƙe, maƙoshina ya yi zafi, wani lokaci har muryata ta dushe zuwa washegari. Haka abin yake ga kowa? Daga wani mai sha'awar wasan 'yar tsana.

Amsa: Ɗan'uwa, ba haka ya kamata ya kasance ba, kuma ina roƙonka kada ka daure a kan wannan ciwo da sunan juriya. Riƙewar muƙamuƙi alama ce ta cewa kana cije haƙora don ka hana baki motsi. Leɓen da aka ƙame da ƙarfi ma ya fi saurin tona asiri, domin fuska takan daskare, jijiyoyin wuya su miƙe, mai kallo ya ga mutum yana fama. Ka sa yatsa a gefen kunnenka inda muƙamuƙi yake haɗuwa da kai yayin da kake gwaji. Idan ka ji wurin ya yi tauri kamar dutse, ka tsaya, ka yi hamma, ka sake farawa.

Zafin maƙoshi kuwa yawanci daga zaɓen murya yake. Masu koyo suna son su ba 'yar tsana murya mai nisa ƙwarai da tasu, sai su matse maƙogwaro su yi siririya, ko su kankare shi su yi gurnani. Bambanci kaɗan ya isa: ka ɗaga muryar sama da taka da ɗan taki, ka tura ta wajen hanci, ka canza saurin magana, ka ba ta wata kalma da take yawan maimaitawa. Halin magana ya fi kaurin murya raba mutum biyu. Akwai kuma abin da ake kira murya mai nisa, wadda ake yi kamar wani ne yake magana daga cikin akwati ko bayan ƙofa, kuma da matse iska a maƙogwaro ake samun ta. Ka bar ta tukuna sai ka shekara kana wasa, ko a lokacin ma kada ka wuce jimla biyu ko uku a jere.

Ka riƙa shan ruwa kafin gwaji da bayansa, ka ɗumama murya da ɗan rera sauti a hankali cikin hanci, ka kuma guji raɗa idan muryar ta gaji, domin raɗa ma tana wahalar da tantanin maƙwallato. Idan dushewar ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta tafi ba, ka je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba ka.

Tambaya: Malam, ina so in fara, amma 'yan tsanan da nake gani a hannun ƙwararru, masu kan katako da idanu masu juyawa, sun fi ƙarfina. Sai na mallaki irinsu zan iya koyo? Daga wani matashi.

Amsa: A'a, ɗana, kuma da za ka same ta kyauta ma zan ce ka ajiye ta tukuna. Irin waccan tana da sanda a ƙarƙashin kai wadda ta shiga cikin ƙirji, a jikin sandar akwai maɗannai da ake ja da yatsu, wannan na baki, wannan na ido, wannan na gira. Mai koyon da bai gama da harshensa ba, idan aka haɗa masa da maɗannai huɗu, hankalinsa zai rabu gida biyar. Siffar nan ta mutum ɗaya da 'yar tsana ɗaya a kan gwiwa suna musayar magana, wadda wani Baturen Ingila mai suna Fred Russell ya yi fice da ita a ƙarshen ƙarni na 19 tare da 'yar tsanarsa Coster Joe, ita ce ta zama abin da kowa ya sani, har akwai gidan tarihi sukutum na irin waɗannan 'yan tsana mai suna Vent Haven a jihar Kentucky ta Amurka. Amma ba da katako kaɗai aka yi suna ba. Shari Lewis ta shafe shekaru da dama tana faranta wa yaran Amurka rai da 'yar tunkiyarta Lamb Chop, wadda ba ta wuce safa da aka yi wa fuska ba. Señor Wences, ɗan ƙasar Sifaniya da ya rasu a 1999 yana da shekara 103, hannunsa kawai yake dunƙulewa, ya zana leɓe a kan babban yatsa da manuni, ya sa idanu da ɗan gashi, sai ga yaro mai suna Johnny yana magana.

Ka samo safa mai kauri, ka yanka kwali ka naɗe shi biyu ya zama cikin baki, ka ɗinka maɓallai biyu a matsayin idanu. Ka kula da idanun fiye da komai: su ɗan karkato ciki kaɗan kamar suna kallon abu guda a gabansu, domin idan suka rabu, 'yar tsanar za ta zama kamar ba ta kallon kowa.

Tambaya: Ni dai leɓɓana sun tsaya, na tabbatar a bidiyo. Amma da na yi wa 'yan'uwana wasa, ni suka riƙa kallo ba 'yar tsanar ba, kuma babu wanda ya yi dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Me na rasa? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yata, wannan ita ce wasiƙar da na fi daɗewa a kanta, domin abin da ya same ki shi ne abin da nake ta ƙoƙarin nuna wa duk wanda ya zo koyo. Tsayar da leɓe yana kawar da shaidar cewa ke ce mai magana, amma ba ya kafa shaidar cewa ita ce take yi. Wannan shaida ta biyu a hannunki take, kuma ita ce rabin aikin da ya fi girma.

Ki duba tarihin Edgar Bergen, wanda har yau ake ambata idan ana lissafin manyan wannan fasaha a Amurka. An san shi da cewa leɓɓansa suna motsi, har 'yar tsanarsa Charlie McCarthy takan yi masa tsiya a kan hakan a gaban jama'a. Duk da haka, daga 1937 zuwa 1956 yana kan rediyo, inda babu mai ganin leɓe ko 'yar tsana, kuma mutane suna sauraro domin Charlie ya zama mutum a wurinsu, mai rashin kunya, mai saurin amsa. A Ingila ma haka Peter Brough ya yi da Archie Andrews a rediyon BBC cikin shekarun 1950. Ban kawo wannan don in ce ki saki leɓɓanki ba, musamman a wannan zamani da kyamara take kusantar fuska. Na kawo shi ne don ki ga inda nauyin yake.

Ki koma bidiyon nan, ki rufe fuskarki da tafin hannu, ki kalli 'yar tsanar kaɗai. Ina kyautata zaton za ki ga ɗaya daga cikin abubuwan nan. Ko dai bakinta yana rufewa a kan sauti maimakon ya buɗe, kamar mai cizon kalmomi, alhali ƙa'ida ita ce baki ya buɗe a kan wasalin kowace gaɓa ya rufe a tsakaninsu: “sannu” buɗewa biyu, “na gode” buɗewa uku. Ko kuma kina ɗaga yatsu huɗun sama, kanta yana tuntsurewa baya a kowace gaɓa tana kallon rufi, alhali babban yatsa ne ya kamata ya sauka, tunda haɓar mutum ce take sauka idan yana magana. Mafi yawa kuma, za ki ga cewa da zarar ta gama jimlarta kin fara taki, sai ta mutu a hannunki, kai ya langaɓe, ido ya kafe. Mai rai ba ya daina rayuwa don wani yana magana. Ya kamata ta juyo ta dube ki, ta gyaɗa kai, ta waiwayi masu kallo kamar tana neman shaidarsu, ta ɗan ja baya idan kin faɗi abin da ba ta so.

Ke ma kina da rabonki. Idan tana magana, ki dube ta kamar mai sauraro na gaske, domin inda kika kalla nan jama'a za su kalla, kuma fuskarki ta nuna mamaki ko jin haushi ko murna a kan abin da ta faɗa. Wannan ne mafi wuya a duk sana'ar, wato harshe yana faɗin magana, fuska kuma tana nuna ba ta taɓa jin ta ba.

Na taɓa yi wa yara kimanin ashirin wasa da wani tsohon kunkuru na yadi mai jinkirin magana. Ana cikin wasan na manta abin da zan faɗa, sai na yi shiru, hannuna kuwa bisa sabo ya juya kan kunkurun a hankali ya dubi wata ƙaramar yarinya da ke zaune a gaba, ya karkatar da kai gefe. Yarinyar ta taso, ta wuce ni kamar ba na wurin, ta kai bakinta gefen kansa ta raɗa masa wata magana, sannan ta tsaya tana jiran amsa. A duk tsawon wannan lokaci ban furta ko harafi ɗaya ba. Tun daga ranar nake ware rabin lokacin gwajina ga motsi kaɗai, ba murya.

Game da dariya kuma, ki ba ta hali kafin ki ba ta barkwanci. Ki yanke shawara: shekarunta nawa, me take so, me take tsoro, me ya sa ba ta yarda da ke? Idan ke mai natsuwa ce, ita ta zama mai gaggawa. Daga saɓanin nan dariya take tasowa. Ki rubuta hira ta minti uku kacal, ki haddace ta har ta zama jiki, ki sake tara 'yan'uwan nan naki.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara tara ta nace sai ta koya. Ba ta yi ƙanƙanta ba? Daga wani mahaifi.

Amsa: Ba ta yi ba, Malam. Darci Lynne Farmer tana da shekara 12 ta lashe gasar America's Got Talent a 2017, tana rera waƙa ta bakin 'yan tsananta. Yara sukan riga manya kama dabarar harshe, kuma ba sa jin nauyin yin hira da safa. Abin da zan roƙa shi ne kada a tsananta mata a kan leɓe a watannin farko, a bar ta ta saba da 'yar tsanar, ta sa mata suna, ta ba ta labari. Gwajinta kada ya wuce minti biyar zuwa goma a zama ɗaya, kada kuma a bar ta ta yi murya mai kankare maƙogwaro. Idan haƙoranta na gaba suna cikin famfara, “b” da “f” za su ƙi fita ta hanyar da na bayyana, tunda harshe ba shi da bangon da zai jingina, sai a jira sababbin su fito, kafin nan ta yi ta wasa da jimloli marasa baƙin leɓe.